Aron Yara

Har yau in na ji ana cewa malamai su haɗa kai, sai bakina ya yi ɗaci. Na san haɗin kan malamai, ni na riƙa tuƙa masa tuwo.

Mijina malamin firamare ne a wani ƙauye cikin dajin Kamuku, can bayan Tsohon Birnin Gwari, inda hanyar mota take ƙarewa a bakin rafi. Makarantar ɗaki biyu ce, ginin ƙasa da rufin kwano. Shi ne hedimasta, shi ne malami, shi ne mai buga tsohon ƙarfen da aka rataya a jikin ɗorawa. Yaransa Gwarawa ne da Kamukawa, sai 'yan Fulani da kan leƙo in shanu sun ba su hutu. Ni ma na ɗan zauna a benci kafin aure, don haka ba a yi mini maganar makaranta a kaina kamar ba na wurin.

Malam mutumin kirki ne, irin kirkin da ke sa matar mutum hawan jini. In ka ce masa rigarsa ta yi kyau, sai ya fara neman hanyar cire maka ita.

Ba a daɗe da yanka jihohi ba aka aiko da manhaja daga Kaduna. Littafi ɗaya ne aka ce duk jihar ta bi. Abin da yaron cikin birni zai koya a mako kaza, shi yaron dajinmu zai koya a makon, ko da kuwa birai sun sauka a gonar ubansa an tura shi gadi. Makarantu biyar ne a yankinmu, amma kwafi ɗaya aka ba su. Sai malaman suka fara haɗuwa kowace Asabar, wannan makon a gidan wannan, mako mai zuwa a gidan wancan, suna kwafa suna fassara wa juna. Suka sa wa abin suna gayya.

Ba zan ci zalinsu ba, farkon abin yana da kyau. Wani ya iya lissafi, sai ya warware wa saura. Wani yana da ƙamus. Malam kuma hannunsa ya iya zane, shi ya zana wa kowace makaranta taswira a bayan buhun siminti. In gayya ta faɗo gidanmu nakan yanka zakara in yi tuwon dawa da miyar kuka, in ji suna ta dariya a zaure suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babbansu shi ne hedimastan makarantar bakin titi, mai farar safa har gwiwa, shi ke ajiye littafin, shi kuma ke fara sa hannu a kwano.

Matsalar Malam ita ce ba ya iya gudu. Yaro ya zo masa ba ya jin Hausa sosai, balle Turanci. Sai ya fara masa da Gwaranci, don uwarsa Bagwariya ce, ya jawo shi zuwa Hausa, sannan a lallaɓa a shiga Turanci. Ba ya barin darasi sai ya zauna. Saboda haka kullum manhaja tana gaba, shi yana baya yana haki. Sauran kuwa suna tafiya daidai da littafin, shafi bayan shafi, yara na amsawa da ƙarfi kamar kwaɗin damina, amma in ka ware ɗaya ka tambaye shi sai ya kalli ƙafarsa. A ajin Malam akwai yara huɗu da ko a birni sai a tsaya a saurare su. Ta gaba a cikinsu 'yarmu ce ta fari, bahaguwa, wadda da hagu take rubutu, kuma duk dukan da kakarta ta yi mata bai sauya ta ba.

Sai labari ya zo cewa sufeto zai zagayo, kuma duk makarantar da ta gaza za a rufe ta a haɗe ta da ta bakin titi. Asabar ɗin nan a gidanmu aka zauna. Ina madafi na ji dariya ta ɗauke, muryoyi suka yi ƙasa. Na kawo ruwan wanke hannu na ƙi fita.

Hedimastan bakin titi ne ke magana. "Malam, mu muna da shafi, kai kana da yara. Ka ara mana huɗun nan, kowace makaranta ɗaya. Mu zaunar da su a gaba, in Sufeto ya yi tambaya su ɗaga hannu. Shi ke nan."

Malam ya ce, "To ni fa? Na yi baya a manhaja."

"Kai ai ba ka da damuwa. Landirobar Sufeto ba ta ƙetare rafinku. Ni zan shiga mota in raka shi, in ya tambayi makarantar cikin daji in ce na gani da idona, komai daidai. Mu huɗu za mu shaide ka. Ba gayya ba ce? Yau gonata, gobe taka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zanen aro fa ba ya rufe katara."

Ya yi dariya ya ce, "Uwargida, ke dai ƙaro miya."

Da suka tafi na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Na ce masa an taɓa aron yaro kamar turmi? Malam ya ce 'yan'uwansa ne, in aka rufe musu makarantu ina za su sa kansu, kuma shi ma shaidarsu yake bukata. Gaskiya ne yana bukata. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Ya zaunar da yaran huɗu ya koya musu abin da za su faɗa, kuma ya koyar da shi yadda yake koyar da komai, sai da ya zauna daram. Ina jin sa da 'yarmu a tsakar gida.

"In mutumin nan ya tambaye ki makarantarku fa?"

"Ta bakin titi."

"Malaminku?"

"Hedimasta."

"Ko sau nawa ya tambaya, ko ta yaya ya juya tambayar, kada ki sauya. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

Aka zo da kekuna aka kwashe su. Ita aka kai makarantar bakin titi, aka sa mata rigar wata. Da ta dawo tana ta murna, wai Sufeto ya fito da ita gaban allo ta yi lissafi, ya shafa kanta ya ce a kula da wannan. Sauran ukun ma sun fitar da masu aronsu kunya. Makarantu huɗu suka tsira. Malam ya yi ta washe baki kamar shi aka yaba.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Rafin ya zama yashi. Wata rana da hantsi ina shanya kuɓewa na ji ƙugin mota, abin da ba mu saba ji ba. Duk ƙauyen ya fito. Landiroba ce ta tsaya a gindin ɗorawa, Sufeto ya sauko, dogo mai tabarau, Hedimasta na biye da shi riƙe da jakarsa, fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa. Na yar da tabarmar na bi mata muka tsaya a taga.

Sufeto ya shiga aji, yara suka miƙe suka gaishe shi. Ya rubuta lissafi a allo ya ce wa zai yi. Yarinyar nan ba ta iya ganin tambaya ta ƙyale ba, ubanta ya cuce ta da wannan. Ta fito ta ɗauki alli da hagu.

Bai bari ta gama ba. Ya cire tabarau ya dube ta, ya juya ga Hedimasta.

"Wannan ba ɗalibarka ba ce? Bahaguwar nan?"

Wallahi ina kallon Hedimasta. Ya dubi Malam, mutumin da ya ci tuwon gidansa ya sha romon zakarunsa, sannan ya dubi ƙasa.

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Me take yi a nan?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Yau dai ba ta zo ba."

Sufeto ya ce wa Malam, "Wato aron yara kake yi don ka rufe mini ido."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yata ce. 'Yar cikina."

Na ɗauka wannan zai warware komai. Ashe igiyar ɗaure kansa ya miƙa. Sufeto ya yi wata dariya ta hanci ya ce, "To ka gama yi wa kanka shari'a. 'Yar cikinka ma ba ka yarda ta yi karatu a makarantarka ba, ka kai ta bakin titi, ka bar 'ya'yan mutane a nan. Sai da ka ji ina zuwa ka ɗauko ta." Ya sunkuya wajen yarinyar. "Ke, faɗa mini gaskiya. Wace ce makarantarku?"

Ta dubi ubanta. Ni ina ganin idonta daga taga, tana neman ya ba ta alama. Shi kuma yana kallon Hedimasta, yana jiran ɗan gayya ya buɗe baki. Ba wanda ya taimaki wani. Sai ta yi abin da aka koya mata.

"Ta bakin titi."

"Malaminku?"

"Hedimasta."

Na ƙwalla ihu na ce ƙarya ce, a tambayi duk ƙauyen nan. Mata suka riƙe ni suka toshe mini baki, don a lokacin ba a yi wa mai Landiroba ihu. Sufeto ko waiwayowa bai yi ba. Wa zai saurari matar wanda aka kama, bayan hedimasta ya yi magana, yarinya ta tabbatar? Sauran ukun da aka ara kuwa suka sunkuyar da kai a bayan aji, ba wanda ya ƙara ɗaga hannu. Ya buɗe manhaja ya tambayi darasin makon, wanda Malam bai ko kusa kaiwa ba. Ajin ya yi tsit.

Malam zai iya faɗin komai a wurin. Da ya faɗa, da mutum biyar sun faɗi tare, har da shi. Ya yi shiru, ya faɗi shi kaɗai. Mutane sun ce mini wannan dattako ne. Ni da na ci gaba da zama da shi ina ganin yadda yake kallon ɗorawar nan, ban ga dattako ba, na ga kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Aka rufe makarantar, aka sallame shi daga aiki saboda yaudara. Yawancin yaran nan karatunsu ya ƙare ke nan, don ba uban da zai bar ɗansa ya ratsa dajin nan da sassafe kullum.

Wata Asabar sai ga 'yan gayya sun zo su huɗu da kekuna. Na rantse na zaci haƙuri suka zo bayarwa, har na fara shirya abin da zan gaya musu. Ashe benci suka zo ɗauka. An ce a raba kayan makarantar a tsakaninsu, suka kuwa raba cikin zumunci, ba gardama, wannan benci, wancan allo, har taswirar da Malam ya zana suka naɗe. Na ƙi ɗora tukunya. Malam ya ce in ba su ko ruwa ne, na ce rijiya tana nan, guga yana nan. Sai ga shi da kansa yana taya su ɗaure benci a bayan keke, yana cewa a ja igiyar da kyau kada ya zame a gangare. Na shiga ɗaki don kada in yi abin da za a kai ni gaban alƙali.

Da suka gama Hedimasta ya tsaya a ƙofar zaure yana murza hula.

"Malam, batun yarinyar nan. Sufeto ya ce zai riƙa tambayar ta duk zuwansa. Dole a gan ta a wurina. Ta zauna a gidana, iyalina za su riƙe ta."

Na fito na ce sai dai a ɗauki gawata. Malam ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni a hankali wace makaranta ce ta rage mata. Da hannuna na ɗaure mata 'yan kayanta a ɗankwali, ina kuka ina zagi, ban ma san wa nake zagi ba.

Ta yi karatu, ta ci jarrabawar shiga sakandare, aka yi ta yabon makarantar bakin titi da hedimastanta har ya sami ƙarin girma. Malam ya koma noman doya da dawa, bai ƙara riƙe alli ba har ya bar duniya.

Ranar nan da za ta tafi makarantar bakin titi, an ɗora ta a kan benci da ke ɗaure a bayan keken Hedimasta, ƙafafunta na lilo. Tun ranar Sufeto ba ta iya haɗa ido da ubanta. Sai da keken ya fara motsi ta juyo.

"Baba, in ya sake tambaya ta, me zan ce?"

Malam ya gyara mata ɗankwalin kayanta ya ce, "Abin da kika faɗa, uwata. Yanzu ai gaskiya ne."