Kyanwar Inna ta fi ni gata

"Likita, sake faɗi, ban ji da kyau ba."

Ni ne jiya da hantsi a asibitin dabbobi, rungume da kyanwar Innarmu cikin zani. Ƙayar kifi ce ta maƙale mata a maƙogwaro, Inna ta hana kowa sakat sai da na kwaso su a Keke Napep daga Ƙofar Rini.

An cire ƙaya, an yi allura, sai likita ya faɗi kuɗinsa. Wallahi sun kusa sayen buhun gero. Kyanwar da kyauta aka ba mu!

Na fara neman ragi, Inna ta daka min tsawa: "Biya mutane! Ana ciniki da rai?"

Na ce, "Inna, makon jiya da zazzaɓi ya kayar da ni, ganyen dogon yaro kika dafa min, kika ce asibiti ɓarnar kuɗi ne."

Ko kallona ba ta yi ba. Tana shafa kyanwarta ta ce, "Kai tun da na haihe ka, kusu nawa ka kama man?"

Na biya. Da za mu koma ma, ni na raɓa gefen direba, su biyu suka baje a baya.

Jama'a, duk wanda dabba ta ƙwace wa gata a gidansu, ya fito mu san yawanmu.