Mai Kiwon Gansakuka

Koren Hannu ake ce masa, domin ba sabulun da ya iya fitar da launin da ya kama tafukansa. Masunci ne tun tasowarsa, shi da yayansa a kwalekwale ɗaya, har kifi ya yi ƙaranci, ya ajiye taru ya kama aiki a masana'antar bakin teku.

A can ake kiwon gansakukar teku, ƙananan nan da ido ba ya gani sai dai ruwa ya rine. Dogayen kwaruruka ne na siminti, inji mai fukafukan ƙarfe yana juya ruwan. In ta yi kauri a tace, a busar, a fitar da mai da rini don masu haɗa magani da man shafawa. Matarsa kan tsokane shi, wai mazan mutane na kiwon awaki, nata dattin ruwa yake kiwo.

Wata safiya matattun kifaye suka cika gaɓa. Masunta suka ce ruwan masana'anta ne. Kafin azahar sun ɓalle ƙofa da adduna da filafilan tuƙa kwalekwale, yayansa a gaba. Ma'aikata suka watse. Shi ya tsaya a bakin kwarami yana rantsuwa cewa ruwansu ba ya komawa teku.

"Matsa," in ji yayan.

"Yaya, abincin 'ya'yana ne."

Filafilin yayan ya sauka a muƙamuƙin Koren Hannu. Ya ji ƙashi ya ce ƙas, haƙora suka zubo masa a harshe. Idonsa ya rufe, ya rungumi yayan ya jefa shi cikin kwaramin. Injin bai tsaya ba. Fukafukin ya kama hannun yayan na dama ya murɗe shi har kafaɗa, jini ya gauraye koren ruwa. Koren Hannu ya kashe injin, ya faɗa ciki ya jawo yayan, ya ɗaure masa hannun da rigarsa, masunta na tsaye ba mai motsi.

Daga baya aka gano man wani jirgi ne ya kashe kifin. Hannun dai an yanke shi.

Koren Hannu ya koma aiki da karkataccen baki. Ya roƙa wa yayan aikin gadi, yayan ya ƙi. Idan sun haɗu a ɗakin tsohuwarsu, kowa yakan gaishe ta ya zauna nesa, ita kuma ta zuba musu abinci a kwano biyu.