Sunan da Inna Ta Faɗa a Kaduna

Har yau in na ji an ce biza, ɗan Baffana nake tunowa, sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Ya tsufa, ni ma na tsufa, amma ban huce ba, kuma ba na neman in huce.

Lokacin ruwan madatsar Tiga bai daɗe da isowa gonakinmu ba, nan tsakanin Kura da Bunkure. Mu da muka saba in rani ya yi a naɗe hannu, sai ga alkama kore shar a watan da ko ciyawa ba a gani. Babanmu ya riga ya rasu. Yayanmu, ɗan farin Inna, yana wata ƙasa a Turai yana karatun aikin ruwa, an yi shekaru bai leƙo gida ba. Ni kuma ina koyarwa a firamare a Kura, na dawo gida wurin Inna wankan jego, haihuwata ta fari.

Ina cikin wankan ne Yaya ya aiko da tikitin jirgi. Ya gama karatu za a ba su shaida, kuma an riƙe shi aiki a can na wasu shekaru, shi ne yake so Inna ta je ta gan shi. Akwai wani ɗalibi ɗan Kano da ya zo hutu, da shi za su tafi, ranar tashi tana jikin tikitin, ba a ɗagawa. Abin da ya sa Yaya ya matsa, duk mun sani. Yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Zare ma ni nake zura mata a allura. In ta jira ya dawo, muryarsa kawai za ta ji.

Inna ba ta ce tana so ba. Ba za ta taɓa cewa ba. Ɗan fari ne, ita kuwa mutanen da ce, jinin Fulani kuma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan." In an kawo saƙonsa sai ta shiga tsince shinkafa kamar ba da ita ake ba, amma hannun ba ya motsi sai an gama karantawa. Da aka gaya mata maganar tafiya, cewa ta yi, "To, in an ga ya dace." Da yamma na same ta ta fito da zannuwanta na ƙasan adaka tana shanyawa.

An samu fasfo a Kano ba wata wahala. Saura biza, irin ta masu yawon buɗe ido, ita kuma sai an je ofishin jakadancin ƙasar a Kaduna, mai tafiya ya bayyana da kansa a yi masa tambayoyi. Da ni zan raka ta, tunda na ɗan iya Turanci, to ga ɗanyen jego, ana yi mini wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma. Nan ɗan Baffa ya shigo.

Malamin ruwa ne a lokacin. Shi ke riƙe da makullin ƙofar kanal, wato hanyar ruwan noma ta ɓangarenmu, shi ke cewa yau layin wane za a sakar wa ruwa. Yana da keke mai ƙararrawa biyu da biro uku a aljihun gaba, kuma tun da ya taɓa yi wa wani Bature injiniya jagora a gonaki, bakinsa bai sake komawa daidai ba. Tare suka nemi tafiya karatun nan da Yaya, aka ɗauki Yaya aka bar shi. Kowa ya ɗauka ya manta. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, ai ina nan. Harshen mutanen nan a tafin hannuna yake. Ni zan yi miki tafinta."

Suka tafi, suka dawo ba biza.

Shi ne ya ba da labari, tun daga zaure yana ƙyaƙyata dariya. Wai Bature ya tambayi Inna wurin wa za ta, ta ce wurin yaron nan. Ya ce mene ne sunansa, ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ta ja mayafi ta rufe baki. "Na yi iya yina," in ji shi, "amma tsohuwa ta ƙi magana. Su kuwa Turawa ba su san wannan ƙauyancin ba." Kafin kwana biyu labarin ya zagaye bakin kanal. Duk wanda ya zo neman ruwa sai an yi masa wasan kwaikwayo, ɗan Baffa ya ja hularsa ya rufe baki yana kwaikwayon uwata. Har yana ƙarawa da cewa dama wane buɗe ido za a yi da idon da ya riga ya rufe.

Inna ta shiga ɗaki. Ta kwashe zannuwan ta mayar adaka. Ni ce na kasa haƙuri. Na bari tana gasa wa jaririna cibiya na ce, "Inna, da kika yi shiru, shi me ya ce wa Baturen?"

"Ina na sani? Yarensu suka yi."

"Ko kalma ɗaya ba ki riƙe ba?"

Inna ido ne ya raunana, kunnenta kuwa ko faɗuwar allura ba ya wuce shi. Ta ɗan yi tunani ta ce, "Ya dai maimaita wani abu sau biyu. Wai shi don no him. Sai Baturen ya yi rubutu ya rufe takardar."

Na ji kamar an sheƙa mini ruwan wankan a ka. Ba ta san shi ba. Abin da ya faɗa ke nan. Jimla ɗaya ta ishe shi ya bayyana cewa a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, shi da uwarsa ma ba ta kiran nasa. Ya zaɓi ya ce matar da ta haifi Yaya, ta goya shi, ta sayar da saniyarta ta kai shi makaranta, ba ta san shi ba.

Na ce, "Jibi za mu koma."

Inna ta ce, "Ke da ko arba'in ba ki yi ba? Sanyi ya shige ki."

"Ya shiga."

Gwaggo mai yi mini wanka ta yi faɗa har da rantsuwa ba ruwanta in na kumbura. Mijina ya zo daga Kura, ya dube ni, ya ga fuskar da ya sani, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Jirgi kuwa saura 'yan kwanaki. Muka fita titin Zariya muka tari mota, cike da 'yan tumatir masu zuwa Kaduna, kwanduna har saman rufi. Inna ce ta goya jaririn, don ni ma nawa ɗan farin ne, ba zan saɓa shi a bainar jama'a ba.

Ofishin ɗaki ne mai sanyi da benci dogo, da wata ƙofa mai gilashi. Muka yi zaman jira har ƙafata ta yi nauyi, sannan aka kira mu. Baturen dattijo ne, mai sanƙo, ba shi da alamar mugunta. Na tattaro duk Turancin da aka koya mana a kwalejin horon malamai na zuba masa. Na ce wannan uwarsa ce ta cikinsa. Na ce kunya ce, girmamawa ce, haka aka yi mu. Na ce mutumin da ya zo da ita ran nan ƙarya ya fassara. Ya saurara har na gama, ya buɗe takardar ya duba abin da ya rubuta.

Ya ce ya ji, kuma bai ce ƙarya nake ba. Amma wancan ma ɗan'uwa ne, ni ma 'yar'uwa ce, ɗaya ya ce kaza ɗaya ta ce kaza. Na ce to in faɗi sunan ita ta gyaɗa kai. Ya ce kowa ma zai iya gyaɗa kai. Daga bakinta yake so ya ji, in ya ji shi ke nan, yau ɗin nan zai buga hatimi.

Na juya na gaya wa Inna. Ban yi mata kwana-kwana ba. Na ce, "Inna, ya ce sai kin faɗa da bakinki. In kin ga ba za ki iya ba mu tashi, ba wanda zai ga laifinki." A raina kuwa addu'a nake kada ta tashi, don na riga na hango bakin ɗan Baffa in muka sake komawa hannu rabbana.

Sai ta kwance goyo ta miƙo mini yaron.

"Karɓe shi. Ki jira ni a waje."

"Inna, wa zai fassara?"

"Suna ba ya bukatar fassara. Fita."

Na fita na tsaya bayan gilashin, jariri a kafaɗata. Na ga ta gyara zama. Na ga ta sauke mayafin daga bakinta, ta kalli gefe, wajen bango, leɓenta ya motsa sau ɗaya. Baturen ya duba takarda, ya gyaɗa kai, ya jawo hatimi. Shi a wurinsa aiki ne ya ƙare, har yana duba agogo. Inna ta fito ta wuce ni, sai a bakin titi na ga gefen mayafinta ya jiƙe. Har muka iso gida ba mu yi zancen ba, kuma ba mu taɓa yi ba.

A motar nan na ƙulla abin da zan yi wa ɗan Baffa. Duka ba nawa ba ne, ƙara wurin dagaci kuwa a ce a yi haƙuri zumunci ne. Na ce tunda a kan suna ya tozarta uwata, da sunansa zai biya.

Ranar tafiya gidanmu ya cika. Mata sun kawo dakakken yaji da kuka da daddawa wai a kai wa Yaya, dattawa suna zaure ana addu'a. Sai ga shi ya sha babbar riga, ya jingine keke, ya nufi gaban motar da za ta kai Inna filin jirgi, yana gaya wa mutane ai shi ya fara share hanya. Na fito har ƙofar gida, na durƙusa na gaida dattawa, sannan na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Tafinta, sannu da zuwa. Ga su Baffa nan, a taimaka a fassara musu shi don no him. Mu Turancinmu bai kai nan ba."

Ya tsaya da hannu a murfin mota. Baffa ya ce, "Me ke nan?" Na ce ai gwanin yana kusa, shi ya faɗa wa Bature har sau biyu. Ya yi ta in-ina. Da na ga ba zai iya ba na taimaka masa, na fassara, a hankali, na kuma maimaita. Baffa ya kira wani ƙanina ya ce shi ya shiga gaban motar a maimakonsa.

Daga ranar ban sake kiran sunansa ba. Tafinta. A gidan suna, a gidan biki, a bakin rijiya, in zancensa ya taso sai in ce, "Wa? Tafinta?" in kuma ba da labarin ga duk wadda ba ta ji ba. Manoman da ya saba ja wa rai a kan ruwa suka cafe kamar jira suke. In ya ce yau ba ruwa, sai wani ya ce a nemo mai fassara, ƙila akwai yake nufi. Masu sayen tumatir daga kudu suka ɗauka sunansa na yanka ke nan. Ya kai ƙarata wurin mijina, mijina ya ce shi bai ji zagi a ciki ba. Ya aiko matarsa ta ba ni haƙuri, na ba ta fura ta sha, na ce ta gaida Tafinta. Yau jikokinsa ma gidan Tafinta suke cewa in an tambaye su daga ina.

Inna ta je ta dawo. Ta ga Yaya da sauran ganin da ya rage mata. Shi ya gaya mana daga baya cewa da ya tare ta a filin jirgi ya durƙusa, kai ta kawar ta tambaye shi ko nan kullum haka garin yake da sanyi. Amma ta riƙe hannun rigarsa har suka shiga mota. Ba a yi shekara biyu ba idon ya rufe gaba ɗaya.

Ban gaya wa Yaya abin da ya faru a Kaduna ba sai da Inna ta rasu. Muna zaman makoki, mutane sun ɗan ragu, muna zaune a ɗakinta ni da shi, na ba shi labarin tun daga farko. Lokacin har ya yi furfura. Ya murza bakin tabarma, sannan ya ce, "Ta faɗa? Sunana?"

Na ce ta faɗa.

"Ta yaya ta faɗe shi? Cikakke, ko yadda ake gajarta shi?"

Na ce, "Ban ji ba, Yaya. Fitar da ni ta yi."

Ya kifa kai a gwiwa. Sau ɗaya tak uwarsa ta kira sunansa a duniya, kuma wanda ya ji wani baƙo ne mai duba agogo, da ƙila kafin la'asar ya manta. Ina kallon kafaɗunsa suna rawa aka yi sallama a tsakar gida, wata murya da na sani, ta tsufa, tana neman iso a yi mana gaisuwa. Na share fuskata, na gyara mayafi, na ɗaga labule.

Na ce, "Shigo, Tafinta."