Sista Ummulkhairi, Wadda Ta San Wanda Za a Tambaya

Da an sallame sallar asuba, Sista Ummulkhairi takan watsa wa kajinta tsaki, ta ɗora ruwan shayi, sannan ta zauna a kan tabarma da wani tsohon littafi da wayarta. Shekara talatin da biyu ta yi tana aikin jinya tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Da ta yi ritaya kowa ya zaci hutawa za ta yi. Sai ga ta duk ranar Talata a gaban motar Ɗanliti direba, za ta Kano.

Wata ƙaramar ƙungiya ce a can, mai taimakon masu fama da sankarar jini. Matasa ne masu himma, suna kai marasa lafiya asibiti, in an sallamo su kuma suna bin su da waya duk mako. Ita ba a ɗauke ta aiki ba. Da ƙafarta ta je ta ce tana da abin da ta sani, in suna so.

A zamanta na uku aka karanto sunan Surajo, wani makiyayi ɗan shekara ashirin da huɗu daga wata ruga a bayan Doguwa. Kwana goma da yi masa ƙarin maganin sankara. Mai irin wannan magani, in zazzaɓi ya kama shi aka bar shi ya kwana biyu, ana iya rasa shi. Nusaiba, wadda ke buga wayar, ta ce ita ta gaji.

"Sista, sau uku ina kiran mahaifiyarsa, Habiba. In na ce yaya Surajo, sai dai ta ce ana nan. Ko sunansa ba ta kamawa. Na rubuta uwar ba ta damu ba."

Sista ta sauke gilashinta. "'Yata, shi ne ɗanta na fari?"

"Haka takardar ta nuna."

"To goge abin da kika rubuta. Kin tsare Bafulatana kina tambayarta ɗan fari, kina jira ta ba ki labari? Ko jikinsa na ci da wuta ba za ta buɗe baki ba. Kunya ce. Wa ya goya shi?"

Ba wanda ya sani. A takardar tasu layi ɗaya ne: lambar uwa ko uba.

Ɗanliti ya ce ranar ko ruwa ba ta tsaya sha ba. Suka juyo, suka wuce Tudun Wada, da suka kai inda mota ta gaza sai ta hau babur. Kafin la'asar tana rugar. Ta gaishe da Habiba, ta tambayi shanu, ta tambayi damina, ba ta ambaci kowa ba. Sai daga baya ta ce a nuna mata ɗakin goggo.

Goggo Hussaina, yayar uban Surajo, ita ta yaye shi. Ba ta jira an gama tambaya ba. "Tun shekaranjiya jikinsa ya yi zafi. In ya yi asuwaki sai jini. Fura ma kurɓa biyu yake yi ya ture. Na ce a gaya wa mutanen wayar, uwar ta kasa."

Sista ta taɓa goshinsa, ta duba dasashinsa, ta ce a tashi. Suna shirin fita Habiba ta ɓullo daga bayan ɗaki da ƙunshin kaya wankakku, a ninke tsaf, da bargo. Ashe tun jiya ta haɗa su. Ta miƙa wa Sista, idonta na kan ƙasa. "Ki riƙe wa baƙon naki. Ba ya son sanyi."

Likitan da ya karɓe shi ya ce sun zo a kan gaɓa. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance.

Ke ce, Sista, kika sa aka ƙara layi a takardar nan: wa ya fi sanin jikin mara lafiya? Ke ce kika hana tambayar "yaya jiki", kika ce a tambayi loma nawa ya ci, ya fita kiwo ko yana kwance, akwai jini a asuwaki ko babu. Ke ce kika bi tsofaffin abokan aikinki har gida, ɗaya a Kiru, biyu a Bebeji, kika ce musu abin da ke kansu bai yi ritaya ba. Yanzu ku huɗu ne a motar Ɗanliti, yana ƙorafin kun hana shi jin rediyo da surutu. Uwar marasa lafiya, mai kunnen jin abin da ba a faɗa ba.

Ni mai wannan rubutu ban daɗe a aji ba, kuma ban cika zama wuri ɗaya ba, amma wannan na zauna na rubuta shi. Mun gode, Sista. Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Duk wanda ya yi shekaru yana wani aiki a garuruwan nan, ya san wani abu da takarda ba ta sani ba. Kada ya zauna da shi a gida. Ya nemi inda ake bukata ya kai.

Surajo bai gama shan magani ba, amma ya koma bin shanunsa na kusa da gida. Ranar kasuwar da ta wuce Habiba ta yi sallama a gidan Sista da man shanu a ƙwarya, an rufe da faifai. Suka gaisa, suka yi hirar damina. Sai da ta miƙe za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa, ta juya baya.

"Wancan ya ce a gaishe ki," in ji ta. "Jiya ya cinye tuwonsa duka."