Pulin Babana da Igiyar Fata

Shekaranjiya na bi ta gaban rumfar wani mai gyaran babur a bakin tasha, iska ta kwaso mini warin gires, baƙin man nan da ake shafa wa ƙarfe. Sai na tsaya cak. Mai rumfar ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce lafiya lau. Ina zan fara gaya masa cewa warin hannun ubana na ji, mutumin da ya fi shekara hamsin a ƙasa?

Babana ma'aikacin rijiya ne. Zamanin Nasara, bayan an kafa bariki a Dakoro an kawo kumandan, Baturen mulki, akwai ƙungiyar masu haƙa rijiyoyin siminti, kuma a cikinta ya yi shekara goma. Rani duka ba ma ganinsa. Yau a ce suna wajen Adjekoria, gobe a ce sun nausa arewa har Tagriss. Sai damina ta faɗi yake dawowa, baƙi ƙirin, tafin hannunsa kamar ƙiri, bakinsa cike da kalmomin da babu mai jin su a gidanmu.

In ba ka taɓa leƙa rijiyar ƙasarmu ba, bari in gaya maka. Zurfinta ya wuce a ja ruwa da hannu. Sa ko raƙumi ke ja. Ana kafa gwafa a bakin rijiya, a sa mata wata ƙafar icce mai juyawa, igiya ta bi ta kanta. A ƙasan igiyar akwai wasaki, babban gugan fata, ɗaya bakin kuma a jikin dabbar. Mai kora ya yi nisa da ita cikin rairayi har sai wasakin ya fito. Ƙafar iccen nan tana da nauyi, tana tsagewa, kuma tana da kuka. Tun daga gida kana jin kukanta, da shi muke sanin an fara ban ruwa.

Nasaran da Baba ke yi wa aiki suna da irinta ta ƙarfe, suna ce mata puli. Baba ya ga yadda take sauƙaƙa ja, har jaki ya fito da abin da sai sa ke iya fitowa da shi. Ya ga gaskiya. Ina so ka riƙe wannan, don abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau: kayansa masu kyau ne, kuma mutane suna da bukatarsu.

Wata kaka da aka samu hatsi sosai, ya ajiye aiki. Ya sa Inna gaba da magana har ta yarda aka sayar da saniyarta, wadda ta zo da ita daga gidan ubanta, aka bar mata maraƙin. Ya tafi Maradi, bayan kwanaki ya dawo da raƙuma ɗauke da akwatuna. Da aka buɗe, ga su nan jere cikin ciyawa, kowace an shafe ta da gires. Ina da shekara tara. Na sa yatsa na juya ɗaya, ta yi ta juyawa ita kaɗai ba ko motsin sauti, har na ji tsoro.

Ya kafa rumfa a gefen kasuwa. Ya sa wani akawun bariki ya rubuta masa allo da Faransanci, da farin fenti, ya rataye a sama. Ya saka rigar kakin da Nasaran da ya yi wa aiki ya ba shi, ya zauna bisa kujera, ba bisa tabarma ba. A garin nan duka, waɗanda ke iya karanta allon ba su wuce masu aikin bariki ba, su kuwa ba su da ko akuya balle su ja mata ruwa. Sauran mutane abu ɗaya suka sani: inda duk ka ga allo da rubutun Nasara da mai kaki a zaune, to ko haraji ne, ko ƙidayar dabbobi. Aikin tilas ma bai daɗe da ƙarewa ba, tabonsa na nan a bayan mutane. Fulani da Buzaye suka riƙa kewaye rumfar daga nesa, suna janye raƙumansu. Baba bai lura ba. Ya ɗauka kwarjinin kayan ne.

In an yi sa'a wani ya tsaya, sai Baba ya miƙe, ya gyara murya.

"Wannan puli ce mai rulma. Kalite ta farko. Randimanta ya ninka na icce. Kuma da garanti."

Mutumin ya gyaɗa kai, ya ce madalla, Allah ya ba da kasuwa, ya wuce. Wa zai tsaya tsakiyar kasuwa ya ce bai gane ba? Ni kuwa na haddace kalmomin kamar waƙar gaɗa. Ina rera su in ina daka, ina yi wa ƙawayena yanga da su. Sai da na girma, ɗana ya shiga lakwal, makarantar boko, na san rulma ƴan ƙwallayen ƙarfe ne da ke sa ta juya da sauƙi, randima kuma yawan aikin da abu ke yi. Abin da za a faɗa da Hausa cikin numfashi ɗaya.

Inna fura take sayarwa, kuma wajen matan Fulani take sayen nono. Ta san abin da ake faɗa a ruga. Wata safiya tana tankaɗe, Baba na ɗaura takalmi, ta ce ba tare da ta dube shi ba:

"Maigida, da ka ce musu jaki zai ja abin da sa ke ja, ai da sun tsaya. Kuma ka sauke allon nan, tsoro yake ba su."

"Wannan tallar fura ce," in ji shi. "Kayan Turai ba haka ake sayar da shi ba. Ke mi kika sani?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Na ga garin yana zuba gefen ƙwarya, ba ta gyara ba.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya hana shi ji. Ba wawa ba ne. Abin da na gane shi ne, kalmomin nan da tsada ya saye su. Shekara goma yana ƙarƙashin ƙasa, ana yi masa tsawa da su daga sama, wani lokaci har da mari. Su kaɗai ya fito da su daga ramin nan, su ne suka raba shi da sauran masu ɗaukar ƙasa. In ya ce "jaki zai ja", ya koma kowa. In ya ce "randima", yana jin kamar shi ne a tsaye bakin rijiyar da hular kwano, wani na ciki.

Haka sanyi ya wuce ba a sayi ko ɗaya ba. Bazara ta shigo, ruwa ya yi ƙasa, dabbobi suka rame, bakin rijiya ya cika da garkuna tun asuba. A lokacin ne Baba ya yarda ya ɗauki puli ɗaya ya kai rijiyar yamma da gari, ya nuna wa mutane. Ina can ranar, cikin layin mata da tuluna.

Wani dattijo Bafillace ne ke ban ruwa, mutumin wajen Roumbou, dogo, mai farin gemu kaɗan a haɓa. Shi ya yarda a gwada da sansa, wani jan sa mai manyan ƙahoni. Aka sauke ƙafar icce, Baba ya ɗaura tasa. Dattijon ya zo ya tsuguna, ya sa yatsu biyu cikin kwarmin da igiya ke bi, ya shafa gefensa, ya dubi igiyarsa. Igiyar fata ce murɗaɗɗiya, mai kauri, da ƙulli wuri-wuri inda aka haɗa ta. Igiyar Nasara kuwa, wadda aka ƙera pulin dominta, siririya ce sumul, ba ƙulli.

"Malam, igiyata za ta bi nan kuwa?"

"Standar ce," in ji Baba.

"Mi ke nan?"

"Wato an yi ta bisa norma. Kada ka damu, akwai garanti."

Dattijon ya dube shi, ya dubi mutanen da suka taru, bai sake tambaya ba. Ya yi wa ɗansa hannu ya kora.

San ya ɗaga ƙafa yana jiran nauyin da ya saba, sai ya ji babu. Ya tafi a sake kamar ba ya jan komai. Aka fara gunaguni, maza suna matsowa. Wani ya ce, "Kai, dubi san nan." Na dubi fuskar Baba. Ban taɓa ganinta haka ba, kuma ban sake ba. Da a nan abin ya tsaya, da ranar ya sayar da rabin akwatunansa ba tare da ya buɗe baki ba.

Sai babban ƙulli ya iso. Ya shiga kwarmin ya cije. Da ƙafar icce ce, kukanta zai sauya, mai kora ya ji daga nesa ya tsai da dabba, haka suke yi tun kakanninsu. Wannan ba ta kuka, abin da Baba ya fi yabonta da shi ke nan. Saurayin yana can nesa, baya ya ba mu. Ya ga sa ya tsaya, ya ɗauka gardama ce, ya ɗaga sanda ya zuba masa. San ya yunƙura da dukan ƙarfinsa. Gefen ƙarfen ya yanke igiyar kamar wuƙa. Wasaki ya koma ƙasa, muka daɗe kafin mu ji faɗuwarsa. San kuwa ya kife gaba bisa gwiwa, muka ji ƙarar ƙashi har inda muke.

Da ma Baba ya yi shiru. Amma ya ɗaga murya ya ce ba laifin puli ba ne, igiyar ce ba ta bisa norma. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya tsaya gabansa ya ce, "Na tambaye ka." Ya juya ya tafi neman wuƙa.

Kafin azahar an yanka san. Manyan gari suka zauna, aka ce a ba dattijon maraƙin Inna. Ita da kanta ta kwance shi daga turke, ta miƙa igiyar, ta koma ɗaki. Daga ranar ban sake jin ta ambaci saniya ba har ta mutu, ko ta wani ce.

Gari ya sa wa Baba suna Randima. Yara na bin sa da shi, manya na faɗa a bayansa. Ni ma na zama ɗiyar Randima, ƙawayen da na yi wa yanga suka rama har da ƙari. Mutanen da ba su taɓa buɗe baki sun ce masa ba su gane ba, su ne suka fi kowa iya dariya. Wannan ma ban yafe ba.

Kafin damina Baba ya sauke allon, ya koma wajen masu rijiya. Ɗan aikin bakin rijiya da ya samu dab da zai bari an ba wani, sai suka mai da shi cikin rami. Akwatunan kuwa maƙerin unguwarmu ya kwashe su a kuɗin tsohon ƙarfe, muka ɗauka garemanin noma zai yi da su. Ashe ya tafi ruga ne ya aro igiyar fata, ya zauna ya faɗaɗa kwarmin kowace har ƙulli ya wuce, ya goge gefen ya daina kaifi, ya rataya mata ɗan guntun ƙarfe da ke ƙara in tana juyawa. Da rani ya zagayo ya ɗaura ɗaya a rijiyar nan dai, ya zauna inuwa yana cin goro. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce, "Ɗaura jakinka ka gani." Kafin bazara ta fita babu sauran ko ɗaya a maƙera. Har daga arewa ake aiko masa.

Da Baba ya dawo aka gaya masa, ya ce, "Ya lalata su." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya yi sauran shekarunsa cikin rijiyoyin mutane, ƙirjinsa ya cika da ƙasa, tari ya ɗauke shi ƴan shekaru bayan Nasara sun tafi. Da hannuna na sha jan ruwa da pulinsa, a rijiyar da ake kiran ta da sunan maƙerin.

Yanzu rijiyar an rufe ta, famfo ne a wurin, yara ba su san wasaki ba. Nasara sun tafi, amma sun bar mana wannan ciwon na jin cewa magana ba ta da daraja sai in mai sauraro bai gane ta ba. Jikana ya gama karatu, bai samu aiki ba, ya sayo fitilu masu aiki da hasken rana zai yi kasuwanci. Ina zaune ina jin sa yana ɗaukar talla cikin waya zai aika wa mutane. Rabi Faransanci, rabi lambobi, da wasu kalmomi da ko uwarsa ba ta sani ba. Na bari ya gama na ce, "Ɗan nan, in na sa ta a rana, za ta kai ni asuba ko ba za ta kai ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Kaka, ai ba irinku nake sayar wa ba."

A unguwar nan duka, irina ne ke kwana cikin duhu. Wata huɗu ke nan kwalayen fitilun suna ƙarƙashin gadona, ba a sayi ko ɗaya ba, kowace Juma'a nakan jawo su in goge, in mai da su.