An kunna mini hita daga Landan

Jama'a, yau an kusa dafa ni da raina a banɗaki, kuma wanda ya yi aikin yana Landan!

Kun san zafin Yuli a Wakrah, nan ƙasar Qatar. Ruwan tankin sama tafasa yake yi, shi ya sa muke kashe hita, wato na'urar dumama ruwa, mu yi wanka da wanda ya huce a cikinta. To na shafe jikina da sabulu zan tafi Juma'a, na buɗe famfon hita. Wayyo Allah! Wuta! Na buɗe ɗayan famfon, na tankin sama, gara ma na farko.

Da kumfa har ido na kira Baturen da nake wa tuƙi, wanda nake zaune a gidansa. Bai taɓa ganin zafin Qatar ba, ya tafi hutu Landan.

Ya ce, "Ni na kunna ta waya. Na gan ta a kashe, na ce kar ka sha sanyi."

Sanyi! A Qatar!

Na ce, "Oga, don Allah kashe ta."

Ya gwada, can ya ce, "Ta ƙi, rauta, na'urar intanet ɗin gidan, ta ɗauke. Zare ta daga soket ka mayar."

Na ce, "Rauta da makunnin hita duk suna falo, falon kuma a kulle. Ina makulli?"

"Yana aljihuna."

Sai bayan sati uku zai dawo. Khalas, shi ke nan! Ga ni nan tsugune ɗaure da tawul ina yi wa bokiti fifita, liman kuma ya hau mumbari.