Jirgin Mawahib

A Soba, in ka ce Baba Kabo ba a gane ba, ce Mai Gadin Dogo. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Mu maƙwabta muka naɗa shi, don ya fi benci daɗewa a tashar jirgin ƙasa.

Yana yaro jirgi ya sauke su nan daga gonakin audugar Jazira. Lokacin tashar ce uwar gari: masu shayi, masu gyaɗa, ma'aikata na turereniyar shiga Khartum. Yau motocin haya sun kwashe kowa, awaki ke kiwo a kan layin dogo. Matarsa ta rasu. 'Yarsa tilo, Mawahib, aure ya kai ta Niyala, ya yi shekaru bai sa ta a ido ba.

Kabo ba ya riƙe waya, wai akwatin ƙarya ce. Kuma tun Mawahib tana ƙarama, in ta sako Larabci sai ya ce, "Ke, yi mini Hausa!"

Ran nan ta kira wayar Hamid mai kanti, aka miƙa wa tsohon.

"Baba, Jumma'a za mu wuce Jidda. Za mu ɗan tsaya, ka zo wurin jirgi in gan ka."

Ai Kabo ya san hanyar Jidda: dogo har Bur Sudan, daga can a haye teku, kuma dogon Niyala ta gabansa yake bi. Ya wanke jallabiya, ya sayi naman agashe mai yaji, irin wanda take so.

"Ya Haj, amarya za a tarbo?" in ji Hamid.

"Wadda ta fi taka hankali."

Ran Jumma'a tun hantsi yake zaune a tasha. Jirgin kaya ya wuce, bai ko rage gudu ba. Da la'asar sai ga Hamid a guje da waya.

"Baba, ina kake? Na zagaye maɗar duka!"

"Filin jirgin sama? Ba jirgi kika ce ba?"

"Ɗayyara, Baba, na sama! Kai ka ce in riƙa yi maka Hausa." Ta ƙara da cewa, "Ga shi ana kiranmu."

Kabo ya daɗe da waya a kunne bayan ta katse.

Ya miƙa wa Hamid wayar, ya haɗa masa da ƙunshin agashen.

"In ta sake kira, ce ta yi Larabcinta."

Ya koma kan bencinsa.